Mahaifina, Malamin Maƙesu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Mahaifina ya rasu da hantsin wata Laraba, ana tsakiyar damina, a gidansa na Ƙauran Namoda. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni ce babbar 'yarsa, kuma ni na yi jinyarsa, saboda haka a kunnena aka yi yawancin maganganun zaman makoki.

Mutane iri biyu suka zo. Akwai 'yan unguwa, waɗanda kan ce, "Allah jiƙan Dakta, mutumin kirki ne, sai dai..." su bar maganar a nan. Wasu matan ma ba su yarda sun zauna a tsakar gida ba sai da suka tambaye ni ko an kwashe kwalaben da ke ɗakinsa. Akwai kuma tsofaffin ɗalibansa da suka iso da la'asar, mota biyu, dukansu da furfura a gemu. Ɗaya daga cikinsu ya zauna a zaure yana kuka kamar yaro. Ya ce wa mai unguwa har a ƙasashen Turawa ana karanta rubuce-rubucen Baba.

Mai unguwa ya ce, "Kan ƙwarin nan da yake tarawa a kwalabe?"

Ya ce, "Kan ƙwarin, ranka ya daɗe."

Mai unguwa ya jinjina kai, ya ce, "Ikon Allah," ya ci gaba da jan tasbahansa.

Sai wata mata da ta shigo ba wanda ya san ta. Ta yi sallama, ta ajiye ƙunshinta a bakin madafa, ta ja tukwane ta hau wanki. Da aka tambaye ta daga ina, sai ta ce daga bayan Katuru. Matan gida suka dubi juna. Ni kaɗai na gane ta, zan kuma faɗi yadda aka yi na san ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron kada a wayi gari ba abin da ya rage na Baba a bakin mutanen garinsu sai "mai kwalabe".

Aikinsa nazarin dabbobi ne, amma duk cikin halittun Allah ya zaɓi masu ba da haske da jikinsu. Tun yana saurayi ya hau jirgin ƙasa daga tashar Ƙaura ya tafi jami'a, daga can kuma aka tura shi ƙetare. Yakan ba mu labarin ranar da ya fara ganin teku tana haske. Ya ce ya tsoma hannu a ruwa, da ya ɗago sai ya ga yatsunsa suna ɗiga da shuɗin haske, ya tsaya yana ta salati, Turawan da ke tare da shi suna dariya. Ya yi nazarin kifayen da ke zaune a ƙarƙashin teku inda rana ba ta kaiwa. Amma da ya dawo ya kama koyarwa, sai ya koma kan maƙesu, ƙwaron nan da ke ƙyafta wuta a fadama da damina. Shekarunsa na aiki duk a kansu suka ƙare.

Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, ya riga ya kusa ajiye aiki. Abokansa suka yi ta masa tayin kujeru a Gusau, ya ce shi dai gida zai koma. Ya gyara ɗaki ɗaya a gidanmu na Ƙaura, ya jera kwalabe masu bakin yadi, kowace da damshin ƙasa da ɗanyen ganye a ciki. Da an idar da sallar magariba yakan ɗauki kujerarsa da agogo da littafi ya nufi bakin fadama. Yana ƙirga sau nawa namiji ke ƙyaftawa kafin mace ta amsa masa daga cikin ciyawa. Ya ce kowane jinsi da irin kiransa, ba sa ruɗewa. In ya kama su ya gama dubawa, da asuba yakan mayar da su inda ya ɗauko su.

Yana da wata kalma da duk wanda ya zauna da shi ya san ta. In ka ce masa ka ga abu kaza, sai ya ce, "Ka taɓa?" In ka ce a'a, sai ya ce, "To je ka taɓa, ka dawo mu yi magana." Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta taɓa ce masa miya ta yi tsami, ya ce, "Kin taɓa?" Ta miƙa masa ludayi ta ce shi ya taɓa. Ya sha kuwa, ya kwana yana riƙe da ciki.

Akwai wata ɗabi'arsa da ta daɗe tana ba mu haushi. In muna cikin mota a hanyar Zurmi ko ta Shinkafi, ya hango tsohuwa ita kaɗai da kaya a ka, sai ya taka birki. Ko mota ta cika, ko ana sauri, sai ya fita ya sauke mata kayan, ya matse mu ta shiga. In ta ƙi shiga, yakan tsaya a bakin hanya yana bin ta da kallo har ta ɓace. Bayan haka ba ya sake magana sai mun isa.

Baba yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, muna kiransa Baffa. Malami ne, ya yi alƙalanci shekaru masu yawa kafin ya huta, har yanzu kuma ana kawo masa matsaloli a zaurensa. Tsakaninsu akwai girmamawa, amma ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya ba.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauki wani irin yanayi. Mutane na murna, masallatai sun cika, amma kowa kuma ya sa wa maƙwabcinsa ido. Sai magana ta fara yawo cewa Dakta na kiwon aljanu a kwalba, an ga ɗakinsa na walƙiya ta taga. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, Baffa ya zo gidanmu. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ina jin su a zaure.

Baffa ya ce, "Ƙane, maganar ga ta kai inda ba ni so. Ka hidda kwalaben ga daga gida, ko na ɗan lokaci ne."

Baba ya ce, "Yaya, kai ka san ba aljanu ba ne."

"Ni na sani. Mutane ba su sani ba. Jiya har gida anka zo anka ce mini an ga wuta ɗakinka."

Sai na ji Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "To kai mi kac ce musu? Ai kai ka saba. In ka ga wuta, ba ka iya yin shiru."

Ƙarar takalmin Baffa kawai na ji. Na leƙa, na ga ya manta sandarsa a jingine, yana tafiya yana dafa bango. Daga ranar suka shafe fiye da shekara ko gaisuwa babu, sai dai a masallacin idi a ɗaga wa juna hannu.

Na kasa haƙuri, na tafi Sakajiki wurin Gwaggo, ƙanwar kakanmu, wadda ita ta rene su. Na same ta tana sussukar gero. Na faɗa mata abin da na ji. Ta ajiye taɓarya.

Ta ce, "Mi anka ce miki ya kashe kakarki?"

Na ce, "Zazzaɓi, Gwaggo. Tun Baba na ƙarami."

Ta ce, "Zamna."

A wani ƙauye kusa da Gurbin Bore aka haifi Baba da Baffa. Mahaifiyarsu baƙuwa ce, daga wajen Maraɗi kakanmu ya auro ta, ba ta da kowa a garin. Wata shekara aka yi ruwa kamar ba za a daina ba, ƙyanda kuma ta shigo, ana ta binne yara. Sai wani ya ce ya ga wuta koriya a bayan ɗakinta, wuta marar hayaƙi, irin wadda ake cewa mayu ke fitarwa. Aka tara dattawa a ƙofar mai gari. Ta rantse, ba a saurare ta ba. Sai aka kira babban ɗanta, Baffa, yana da shekara tara, aka tambaye shi ko ya taɓa ganin wuta a bayan ɗakin uwarsa.

Gwaggo ta ce, "Yaro ne. An koya mishi kada shi yi ƙarya. Yac ce ya gani."

Washegari kakanmu ya sake ta, don an ce in bai yi ba za a ƙone gidan. Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta kama hanyar arewa a ƙasa. Baba, ɗan shekara shida, ya bi ta yana kuka har bakin gari, Gwaggo ce ta riƙe shi. Ta ce matar ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya, kuma ta tabbata don kada zuciyarta ta karye ne. Kafin kaka labari ya zo ta rasu a hanya, a wani gari da ba wanda ya riƙe sunansa.

Gwaggo ta ce, "Ni ma ina nan wurin, ɗiyata. Ban ce komai ba. Mu dut munka yi shiru."

Na dawo Ƙaura ban gaya wa kowa ba. Amma daga ranar na daina jin haushi in Baba ya tsaya wa tsohuwa a hanya. Daga baya ya faɗa mini da bakinsa cewa sau uku yana ƙetara iyaka yana neman kabarinta, yana bin ƙauyuka yana tambayar tsofaffi. Kowa sai ya ce ai baƙin da suka mutu a hanya a shekarun nan suna da yawa. Ya ce duk damina yakan yi mafarkinta, tana gaba yana baya, yana sauri amma tazarar ba ta raguwa, kuma har ya tsufa bai ga fuskarta a mafarkin ba. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne ya manta kamanninta, bayanta kawai ya riƙe.

Da damina ta zagayo, wani direban motar haya ya kawo wa Baba takarda. Rubutun ajami ne, hannun Baffa. Layi biyu kawai: akwai wata mata a bayan Katuru da ake zargi, ya zo yau, ya taho da mace da za ta iya shiga cikin gida. Baba ya karanta sau biyu, ya ninke ta, ya ce in ɗauko mayafina.

Mun isa ana kiran magariba. Matar mijinta ya rasu, 'ya'yan maƙwabcinta biyu kuma sun mutu a jere, aka ce ana ganin wuta a bayan shingenta. Samarin ƙauyen sun so su kore ta tun da rana. Mai garin ne ya ce a jira, ya aika aka ɗauko Baffa. Baffa kuwa ya shaida musu cewa Shari'a ba ta hukunta mutum da zato, kuma ba wanda zai taɓa ta sai an ga abin da ido. Mun tarar da shi zaune a kan buzu a ƙofar gidan, kamar mai gadi. Shi da Baba ba su gaisa ba.

Na shiga na sami matar a ƙuryar ɗaki, ta riga ta ɗaure kayanta a zane. Ta ce mini, "Baiwar Allah, in kashe ni za a yi, a bari in yi sallah." Na ce ba wanda zai kashe ta, na kama hannunta, sanyi ƙalau.

Bayan isha'i Baba ya ce a kashe fitilu duka. Muka zagaya bayan shinge, maza a gaba, mu mata a baya. Da farko ba a ga komai ba. Da ido ya saba da duhu, sai ga shi. A gindin shingen, inda ruwan wanka ke kwanciya, wani haske kore-kore yana kwance a ƙasa, ba ya motsi, ba ya ƙyaftawa. Wallahi ni da na tashi a gidan Baba sai da tsigar jikina ta tashi. Wani ya fara a'uziyya da ƙarfi, wasu suka ja da baya.

Baba ya tafi kai tsaye, ya durƙusa, ya sa hannu ya ɓaro abin. Ya miƙe da haske a tafin hannunsa.

Ya ce, "Ruɓaɓɓen icce ne. Tsohon kututture. In ruwa ya yi yawa, wata irin hunhuna kan hito jikinshi, ita ka wanga haske. Halittar Allah ce kamar maƙesun da kuke gani fadama. Ga shi, ku taɓa."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu. Kowa ya ɓoye hannunsa a riga. Wani saurayi ya ce, "Ai kai ma an san ka, Dakta." Aka fara gunaguni. Na ji matar ta ƙanƙame hannuna.

Sai muka ji muryar Baffa daga baya. "Kawo nan."

Aka buɗa masa hanya. Baba ya zuba masa ɓarɓashin a hannu. Hasken ya haska yatsun Baffa. Ya daɗe yana kallo. Ya murza shi, ya kai hanci ya sansana.

Ya ce, "Babu zahi." Ya sake cewa, a hankali, kamar da kansa yake, "Babu zahi. Icce ne."

Mai gari ya matso ya taɓa, liman ya taɓa, sannan sauran. Aka kunna fitila, kowa ya ga guntun itace baƙi, jiƙaƙƙe, da ƙasa a jikinsa. Wani ya yi dariyar kunya. Matar ta sulale ƙasa ta fashe da kuka. Ita ce wadda ta zo ta wanke mana tukwane.

Na ɗauka a daren za su shirya. Baba ya buɗe wa Baffa ƙofar mota, Baffa ya ce zai kwana wurin liman. Muka dawo mu biyu. Bayan mun wuce Shinkafi Baba ya ce, "Kin ga abin da bai kai a ɗauke shi a hura wuta da shi ba, a kanshi ake korar mutum."

Ciwon ajali ya kama shi bayan shekara biyu. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Ya sa na kwashe littattafansa na ba ɗalibansa, ya sa aka saki abin da ya rage a kwalabe. Ana saura kwana huɗu ya rasu, da la'asar, Baffa ya yi sallama. Na shimfiɗa masa darduma kusa da gado, na tashi zan fita, Baba ya ce in zauna.

Baffa na kallon yatsun ƙafarsa. Can ya ce, "Ƙane, na gani da idona. Wallahi ban yi mata ƙarya ba."

Baba ya ce, "Na sani, Yaya."

"Irin wancan ne? Na Katuru?"

"Irin shi ne. Ka tuna iccen da takan tara bayan ɗaki, kusa da randa? Ni ma na gani. Har wasa nake da shi. Ni dai ba a tambaye ni ba."

Baffa ya ɗago ya dube shi.

Baba ya ce, "Da ni anka kira, abin da kac ce shi zan ce. Na daɗe da sanin haka. Na bar ka da kayan, kai kaɗai, don in samu wanda zan ji haushi. Maganar da nig gaya maka a zaure, ka yahe mini."

Baffa ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda ya yanke wa ɗaruruwan mutane hukunci. Baba ya miƙa hannu ya dafa gwiwarsa, ya bar shi a nan. Da aka kawo kunu, Baffa ne ya karɓi kofin daga hannuna, ya ba shi a baki, sannan ya shanye ragowar.

Ranar sadakar uku, bayan an yi ta addu'o'i a ƙofar gida, aka ce Baffa ya rufe. Muna daga cikin zaure, mu mata, muna amsawa. Ya roƙa wa Baba gafara da rahama, ya roƙa wa kakanmu. Kowa ya zaci ya gama, har an fara shafawa. Sai ya ɗaga murya ya ce akwai wata baiwar Allah da yake so jama'a su sa a addu'a, mahaifiyarsu ce, an zalunce ta, ta mutu a hanya, ba su san kabarinta ba, kuma da bakinsa aka kore ta. Sannan ya ambaci sunanta.

Sunanta aka sa mini. Shi ya sa kowa a gidanmu Inna yake ce mini, kuma tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakin Baffa ba. Da ya faɗe shi da ƙarfi a gaban mutanen Ƙaura, saura kaɗan in amsa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya jiƙan wadda na ci sunanta, a duk ƙasar da take kwance.